Gurnanin amfilifaya da zaɓen fedal

Jiya a Tudun Wadan Gombe muka tattauna da masu kaɗa jita kan amfilifaya mai kwalba (na'urar ƙara sauti mai aiki da ƙananan kwalaben gilashi na lantarki) da ke gurnani. Shawarar yawancinsu: fara zare wayar jita. In ya yi shiru, laifin jita ne, ko waya, ko fedal, wato ƙaramar na'urar da ake takawa da ƙafa don sauya sautin jita. In bai daina ba, a duba wayar ƙasa, musamman kan janareta. Wani dattijo ya ce a sa wa fedal batir mai bolt 9 maimakon adafta mai araha. Na gwada, tsit kake ji!

Wajen fedal mai kaurara sauti, Tube Screamer na Ibanez ya fi samun ƙuri'a, don yana fito da tsakiyar sauti. Boss SD-1 na biye. Buɗe cikin amfilifaya kuwa sai mai gyara, domin ko an kashe, akwai ragowar wuta mai kisa.