Muhawara: Wai Burauza Ta Wadatar, a Daina Sa Word da CorelDRAW a Shago?

Malamin kwamfuta: Assalamu alaikum jama'a. Ra'ayina shi ne, shagon buga takardu a Katsina yau ba ya buƙatar manhajar da ake sawa a cikin kwamfuta. Google Docs na rubutu da Canva na zane, waɗanda ake aiki da su a intanet ta burauza, sun isa. Yawancin Office ɗin da ke shagunanmu na sata ne, ana kunna shi da dabarar da wa'adinta kwana 180 ne sai an sabunta, kuma kafin a sa shi sai an kashe rigakafin kwamfuta. Ta wannan ƙofar ƙwayar cuta ke shigowa. Ga shi tun 14 ga Oktoba, 2025 Microsoft ta daina gyara Windows 10 da Office 2016 da 2019. A Google kuwa ana ba ka 15GB kyauta, kuma rubutu na adana kanshi. Ko an ɗauke wuta, ba layin da zai ɓace.

Hajiya mai shago a hanyar jami'a: Wa alaikumus salam Malam. Maganar ƙwayar cuta gaskiya ce, amma abincin shago a nan furojet ɗin ɗaliban Jami'ar Umaru Musa 'Yar'adua da na Kwalejin Hassan Usman ne. Shafukan farko, daga sadaukarwa zuwa jerin abin da ke ciki, dole su ɗauki lambar Romawa, i, ii, iii, sannan babi na ɗaya ya fara da 1. A Word aikin minti biyu ne: ka aje alama a ƙarshen shafukan farko, ka shiga Layout, Breaks, Next Page, ka buɗe ƙasan shafin babi na ɗaya ka kashe Link to Previous, sannan ka ba kowane sashe irin lambarshi. Google Docs na raba sashe, amma lambar Romawa mai tafiya da kanta babu. Sai dai a riƙa rubutawa da hannu, kuma da malami ya ce a ƙara shafi ɗaya, aiki ya dawo sabo.

Mai gyaran kwamfuta, Ƙofar Ƙaura: Hajiya ta faɗi ɗaya, ga ta biyu: sabis. Ranar 14 ga Maris, 2024 wayoyin intanet na ƙarƙashin teku suka lalace a gaɓar Afirka ta Yamma, har bankuna suka ji a jikinsu. A Satumbar 2021 kuma an rufe layukan waya a ƙananan hukumomi 13 na jihar nan saboda tsaro. Wanda duk aikinshi ke cikin burauza, a irin wannan rana me zai ce wa mai takarda?

Malamin kwamfuta: Injiniya, Docs na aiki ba intanet. A Chrome ko Edge za ka sa ƙarin manhajar Google Docs Offline, ka shiga saitin Drive ka kunna Offline, sannan ka zaɓi fayilolin da kake so su zauna a kwamfutar. Da sabis ya dawo sai su haɗe da kansu. Kuma ai Starlink, intanet na tauraron ɗan adam, ya shigo Nijeriya tun Janairun 2023.

Mai gyara, Ƙofar Ƙaura: Haka ne Malam, amma sai an kunna tun da sabis, kuma asusu ɗaya kawai yake yi wa aiki a kowane furofayil na burauza. Shago kuwa mutum ashirin ne za su zo da filashi, kowa da fayil ɗinshi. Starlink na gida yana jan wuta kusan wat 50 zuwa 100 muddin yana kunne, wato kamar ka ƙara wa inbata wata kwamfutar ce tun safe har dare.

Abin da ya fi damuna ma ƙarfin na'urorin ne. Dubi 'yan Beljiyam da suka cika gari, irin su HP EliteBook 840 G3. Wanda aka sayo da RAM 4GB da tsohon faifai mai juyawa, in ka buɗe shafi goma a Chrome RAM ta cika, sai Windows ta koma aron wuri a kan faifan, shi ne za ka ga kwamfuta ta sandare. Word kaɗai ba ya yi mata wannan nauyi. Mai son aikin burauza ya fara sa SSD, wato faifai mai sauri marar juyawa, 256GB, ya kai RAM 8GB. Kuma a sani, G3 ƙarni na 6 ne na Intel, Windows 11 kuwa na son ƙarni na 8 zuwa sama da na'urar tsaro ta TPM 2.0. Mai sayen sabuwa ya nemi G5 mai ƙarni na 8.

Mai zanen kati: Ku ba ni wuri, manya. Canva na da kyau ga sanarwar ɗaurin aure da za a tura ta WhatsApp, ban musa ba. Amma allo na haɗa launi da haske ne, ja, kore, shuɗi, injin bugu kuma da tawada huɗu, CMYK. Shi ya sa shuɗin da ke ƙyalli a waya ke fitowa a dushe a kan kati. Fitar da PDF na CMYK a Canva sai mai biyan kuɗi. Masu manyan injuna kuma CDR, wato fayil ɗin CorelDRAW, suke tambaya. Kafin ka kai masu, ka zaɓi duk rubutun ka danna Ctrl+Q ya zama zane, in ba haka ba kwamfutarsu za ta musanya salon rubutun da wanda take da shi, ƙ da ɗ su koma akwatuna. Ka kuma adana shi a tsohon zubi, don tsohon Corel ba ya buɗe fayil ɗin sabo.

Hajiya mai shago a hanyar jami'a: Tunda ka tabo masu lanƙwasa, ƙanena: a Word ka rubuta 0199 ka danna Alt+X, ƙ za ta fito. 0257 na ba da ɗ, 0253 na ba da ɓ. Sai dai a bar tazara kafin lambar, don in harafi kamar a ko b na manne da ita, Word zai haɗa shi cikin lissafin ya fito da wani abu daban.

Malamin kwamfuta: Na sallama a kan furojet da kati. Amma ban janye a kan manhajar sata ba, kuma ban ga dalilin da makaranta za ta riƙa yawo da sakamakon jarrabawa a filashi ba, alhali malamai goma za su iya cike Google Sheets ɗaya, a kulle wa kowa layin darasinshi, tarihin gyara ya nuna wanda ya taɓa maki. Wanda ba zai sayi lasisi ba, ga LibreOffice kyauta, ba ta neman intanet, kuma tana yin lambar Romawa.

Hajiya mai shago a hanyar jami'a: Wannan na yarda, Malam, da sharaɗi. A shiga Tools, Options, Load/Save a mayar da adanawa zuwa docx na Word, don da nata zubin, ODT, take zuwa. Kuma a duba jadawalin babi na huɗu shafi-shafi kafin a danna firinta, a nan ne layuka suka fi gocewa.