Uba a bakin fili: mai horarwa ne ko ɗan kallo?

Malamin Wasanni: Assalamu alaikum iyaye da malamai. Yau dai sai na faɗi abin da ya daɗe yana cin raina, wanda ya ji zafi ya yi haƙuri. Iyayen da ke tsayawa a bakin fili suna ba 'ya'yansu umarni ana tsakiyar wasa suna cutar yaran nan. Ka gama koya wa yaro a atisaye cewa ya tsaya a baya ya tsare wurinsa, ranar wasa sai uba ya daka tsawa daga cikin 'yan kallo: "Hau gaba! Buga mana!" Don Allah ku riƙa kallon yaron a daidai wannan lokacin. Ƙwallo na ƙafarsa, sai ya ɗaga kai ya dubi ubansa, ya waiwayo ya dube ni, kafin ya san wanda zai bi an ƙwace ƙwallon. Ɗan shekara 11 ba zai iya bin murya biyu yana cikin gudu ba. Ku zo ku yi tafi, ku yi musu kirari, muna so. Amma wannan shisshigin ya isa haka.

Baban Lamba Tara: Wa alaikumus salam. Malam, da girmanka da komai, shisshigi fa ka ce? Shisshigi shi ne mutum ya tsoma baki a abin da babu ruwansa. Ɗan da na haifa, ni na saya masa takalmin da yake bugawa da shi, ni na kwana da shi ranar da ya gurɗe a ƙafa, shi ne babu ruwana da shi? Ka janye kalmar nan tukuna.

Malamin Wasanni: Alhaji, ban kama sunan kowa ba.

Baban Lamba Tara: Ba sai ka kama ba. Kowa a zauren nan ya san muryar wa aka fi ji a fili.

Kawun Yara: Ni dai da Malam ya ce katsalandan da abin ya zo da sauƙi. Shisshigi akwai raini a cikinta.

Malamar Aji Biyar: Katsalandan da shisshigi ai duk abu ɗaya ne, Kawu. Ni tambaya gare ni. Da a ce ana jarrabawa uba ya zo ya leƙo ta taga yana faɗa wa ɗansa amsa, me za ku kira wannan? Shi ma ai ɗansa ne, shi ya saya masa biro.

Kawun Yara: Ba ɗaya ba ne, Malama. Katsalandan mai iko ma yana yi, shisshigi kuwa sai bare. Kuma wasa ba jarrabawa ba ne. Dama malamai ba kwa taɓa ganin laifin junanku.

Malamar Aji Biyar: Kamar yadda iyaye ba sa ganin laifin 'ya'yansu.

Tsohon Rafali: Ku ɗan saurara. Na busa usur a wasannin yara da na manya, bari in faɗa muku abin da doka ta ce. A dokokin ƙwallon ƙafa akwai wurin da aka keɓe wa mai horarwa da mutanensa a gefen fili, kuma ko a cikinsu mutum ɗaya ne kawai aka yarda ya ba 'yan wasa umarni a lokaci guda. Ko mataimakin koci ba shi da damar yin magana tare da kocin, balle wanda ke cikin 'yan kallo. Tun 2019 alƙalin wasa na iya ɗaga wa koci katin gargaɗi ko jan kati. Ɗan kallo ba a ba shi kati, amma alƙali na da ikon tsayar da wasa, ko ma ya tashi wasan gaba ɗaya, idan na waje suna kawo cikas. Abin da ya fi ba ni takaici kuma, yawancin masu ihun ba su san dokar ba. An yi jifa daga gefen fili, uba na ta kururuwa "Satar gida! Satar gida!" alhali babu satar gida a jifa, babu a bugun kusurwa, babu a bugun gola. Shi kuma yaron ya ji ubansa ya faɗa, sai ya tsaya cak ya ɗaga hannu, abokan hamayya su wuce shi su ci.

Baban Lamba Tara: To ga wani kuma ya ce mana 'yan kallo. Ni ba ɗan kallo ba ne, uba ne.

Tsohon Rafali: Alhaji, a gida uba ne kai. A filin wasa suna uku ne kawai: ɗan wasa, jami'i, ɗan kallo.

Maman Gola: Ni ban zo faɗa ba. Nawa yaron mai tsaron raga ne, da can a bayan ragar nake tsayawa ina ce masa fito, koma, kama. Wata rana da aka tashi ya zauna a ƙasa yana kwance igiyar takalminsa yana sake ɗaurewa, har fili ya watse bai ɗago ba. Da na matsa masa sai ya ce, "Mama, idan kina bayana ba na ganin ƙwallon, ke nake ji." Yanzu can tsakiyar 'yan kallo nake zama. Ban ce kowane yaro haka yake ba, amma a tambaye su mana.

Kawun Yara: Ai kin ji, iyaye mata ne suka fi ruɗa yara. Mu maza aƙalla mun buga ƙwallon.

Maman Gola: Haba Kawu, daga ba da labarin ɗana sai ka mayar da shi kan mata? A ƙirga masu ihu a bakin fili a gani.

Yayar 'Yan Biyu: Wallahi kuwa. Waye yake zagin alƙalin wasa, mu ne? Amma ni tawa daban ce. Malam ya fara gaya mana dalilin da ya sa ƙannena kullum suna benci, wasu kuma ko atisaye ba su zo ba sai a sa su. Idan ana adalci wajen zaɓen 'yan wasa babu wanda zai ɗaga murya.

Malamin Wasanni: Ƙanwata, wannan ba maganar da na kawo ba ce. Ki same ni bayan atisaye in nuna miki rajistar zuwa.

Yayar 'Yan Biyu: A nan ka kawo ƙorafinka, a nan nake son amsa.

Baban Lamba Tara: Mu koma kan shisshigi. Richard Williams shi ya koya wa 'ya'yansa Venus da Serena wasan tanis tun suna ƙanana, har suka mamaye duniya. Da ya ji tsoron a ce masa mai shisshigi, da wa zai san su? Naomi Osaka ma ubanta ne ya fara koya mata.

Malamar Aji Biyar: Shi ne kocinsu ai, a filin atisaye ya koya musu. Bai tsaya yana saɓa wa wani malami ana cikin wasa ba. Kuma ita Serenar ba a taɓa hukunta ta a kan irin wannan ba?

Kawun Yara: Ban taɓa ji ba. Kawo hujja.

Tsohon Rafali: An yi. Wasan ƙarshe na gasar US Open a 2018, ita da Osaka. Alƙalin wasa Carlos Ramos ya yi mata gargaɗi saboda kocinta Patrick Mouratoglou ya yi mata nuni da hannu daga wurin zaman 'yan kallo. Ba uban ba ne, koci ne da kansa, kuma duk da haka laifi ne a lokacin.

Baban Lamba Tara: A lokacin, madalla da ka faɗa da bakinka. Hukumar tanis ta duniya ta halatta ba da umarni daga wajen fili tun farkon 2025. Sun gane ba laifi ba ne.

Tsohon Rafali: Ga koci aka halatta, Alhaji, kuma da sharuɗɗa. Ba a ce duk wanda ya sayi tikiti ba.

Malamar Aji Biyar: A Ingila hukumar ƙwallon ƙafarsu ta fito da shirin Respect tun 2008, har da shata wa iyaye wurin tsayawa nesa kaɗan da layin fili a wasannin yara. A Nuwamban 2022 kuma suka ware ƙarshen mako guda a faɗin ƙasar, aka roƙi manya su yi tafi kawai, babu ihu babu umarni, don yara su ji muryar junansu. Mutanen da ƙwallo ke jininsu ke nan.

Kawun Yara: Can su ta shafa. Ni na ji an yi bincike an gano yaran da iyayensu ke ƙarfafa musu gwiwa sun fi ƙoƙari.

Malamar Aji Biyar: Wane binciken? Wa ya yi shi?

Kawun Yara: Zan nemo. Amma ko ba bincike abin a fili yake.

Malamin Wasanni: Ƙarfafa gwiwa ai shi na roƙa tun farko. "Sannu da ƙoƙari" daban, "bar wurinka ka hau gaba" daban.

Tsohon Rafali: Kuma kada a ɗauka abin wasa ne. A Disamban 2012 a garin Almere na ƙasar Holan, an tashi wasan matasa sai aka rufe mataimakin alƙali Richard Nieuwenhuizen da duka, washegari ya rasu. Ɗan sa-kai ne, ɗansa ma yana cikin masu buga wasan. Cikin waɗanda kotu ta ɗaure har da mahaifin ɗaya daga cikin 'yan wasan. Yaro yana koyon yadda ake ɗaukar alƙali ne daga bakin manyan da ke gefe.

Baban Lamba Tara: Innalillahi! Daga masu shisshigi mun koma 'yan kallo, yanzu kuma masu kisan kai? Admin kana gani fa.

Tsohon Rafali: Ban ce kai ba, Allah ya kiyaye.

Yayar 'Yan Biyu: Har yanzu ba a ba ni amsar benci ba.

Admin: Jama'a ya isa haka. Na karanta komai, ga abin da na fahimta. Mafi yawan waɗanda suka yi magana sun yarda kalmar shisshigi ba ta dace da iyaye ba, kuma ya kamata Malam ya janye ta. An kawo misalan manyan 'yan wasa da iyayensu suka gina su, an kuma nuna cewa ko a tanis an sassauta dokar. Ni kaina ina zuwa kallon ɗana kuma ba na jin akwai wanda zai hana ni yi masa magana. Maganar Holan ba ta da alaƙa da mu, a bar ta. Batun zaɓen 'yan wasa kuma Malam zai yi mana bayani a taron iyaye da malamai.

Malamar Aji Biyar: Admin, mutum biyu ne suka ce a janye, kai ne na uku. Ina maganar Maman Gola? Ina dokar da Rafali ya kawo?

Maman Gola: Ni dai roƙona bai canza ba, kowa ya tambayi ɗansa yau da dare.

Malamin Wasanni: Ba zan janye ba. Atisaye na nan gobe da yamma, duk uban da ke son koyarwa ya zo da takalminsa, ina neman mataimaki.

Admin: Na rufe tsokaci a kan wannan batu.