Tambarin alkakin Hajiya: me za a sa, me za a cire?

Hajiya Rabi, Zango, Damagaram: Assalamu alaikum jama'ar zaure. Shawara nake nema. Shekara 6 ke nan ina yin alkaki da dubulan ina ƙullawa a farar leda, ba suna ba komai. Yanzu matafiya Yamai da Agadas sun fara saye don tsaraba, ɗana ya ce sai an yi tambari. Ya haɗa mini ɗaya a waya: ƙofar fadar Sarki, tukunyar zuma, tauraro, sunana, lambar waya biyu, launi biyar. Ni dai ya burge ni. Ga shi na turo.

Moussa mai buga riguna: Wa alaikumus salam Hajiya. Yaro ya yi ƙoƙari, Allah ya yi masa albarka, amma wannan allon talla ne, ba tambari ba. Ki ce ya rage shi ya koma girman kwandalar dala ashirin, ya buga da baƙin tawada kaɗai. In kin gane abin da ke ciki, ya yi. Wannan kam ƙofar fada za ta koma tabo. Sannan a aikinmu na bugu a leda ko riga, kowane launi da nasa allon, da nasa zagayen bugu. Launi biyar, kuɗi biyar ke nan. Biyu sun ishe ki.

Elhadji Sani, kasuwar Dole: Ku yaran zamani da neman wahala. Shekarata 30 a rumfa ɗaya, ban taɓa yin tambari ba, kuma ban kwana da yunwa ba. Kaya mai kyau shi ke sayar da kansa.

Mushe Laouali: Ranka ya daɗe Elhadji, kai ai fuskarka ce tambarinka, duk mai shiga Dole ranar Alhamis ya san inda kake zaune. Ledar Hajiya kuwa za ta yi kusan kilomita 900 zuwa Yamai ba tare da ita ba. Wanda aka ba tsaraba ya ci ya ji daɗi, me zai ce wa direba ya sayo masa? Ku lura da yadda ake aiken yara kanti: "Maggi mai tauraro". Peugeot kuma ko wanda bai taɓa shiga lakwal ba ya san zakinta. Da yawa cikin masu sayen alkaki ba za su karanta rubutun boko ba, hoto za su riƙe. Saboda haka tambayar ita ce, za a iya kiran kayanki da "mai kaza" da kalma ɗaya? In sai an yi dogon bayani, an sa kaya da yawa. Dama can tambari sunan gangar sarauta ne, bugu ɗaya ka ji daga nesa ka san ta wane ce.

Elhadji Sani: Tau, Mushe ya fara darasi. Na ji.

Zeinabou, ɗaliba: Inna, ni da za ki ji tawa, alkakin kansa za a zana. Wannan murɗin nasa ai ba wanda zai gan shi bai gane ba, kuma da layi ɗaya ake zana shi. Ƙofar fada da dagi kowa ya sa su, daga ƙungiyoyi har masu gasar ƙwallo, za ki ɓace cikin taro. Kuma abin fada ne, bai kamata a manna shi a ledar da za a yar a bola ba. In ana son ƙamshin Damagaram, a ɗauki salon zanen bangon gidajen Birni a yi masa da'ira, shi ke nan. Don Allah kuma a guji hotunan da ke shirye a manhajar waya. Na taɓa ɗauko wani na sa wa turaren wutata, har na buga takardun manne 500, sai ga shi sak a allon wani shagon gyaran gashi. Haka na yi ta ɓare su ina jin haushin kaina.

Moussa: Awo, lambar waya ma a fitar da ita daga ciki, a sa ta a ƙasa daban. Layi yana ɓata, ana sauyawa. Kuma duk wanda zai zana miki, kar ki yarda ya turo hoto ta WhatsApp kawai, yana matse shi, in an faɗaɗa don allo sai ya farfashe. Ki ce ya ba ki a SVG ko PDF irin wanda ake buɗawa komai girma bai lalace ba, da mai launi da baƙi-da-fari. In sunan yana da ƙ ko ɗ, ki duba da idonki, wasu haruffan kwamfuta ba su da lanƙwasar, sai su bar gurbi ko ɗan akwati.

Hajiya Rabi: Ni tsorona kuɗi. An ce mini masu zanen nan tsada gare su.

Mushe Laouali: Ba dole ba ne. Alamar Nike, wata ɗaliba ce, Carolyn Davidson, ta zana ta a 1971, dalar Amurka 35 aka biya ta. Abin da zan ƙara, in kasuwa ta buɗe, ki yi rajista. Nijar tana cikin OAPI, ƙungiyar rajistar tambura da ƙirƙire-ƙirƙire ta ƙasashen Afirka, mai hedkwata a Yawunde, rajista ɗaya tana kare ki a ƙasashe 17, tsawon shekara 10, kuma ana sabuntawa. Amma Najeriya ba ta ciki, in kina nufin Kano ko Daura, can rajistarsu daban.

Zeinabou: Inna a gwada sa sunan da ajami ma a gefe, tsofaffi da almajirai za su karanta.

Hajiya Rabi: Madalla, na gode ƙwarai. Murɗin alkaki, launin ruwan zuma da baƙi. Tauraron dai ɗana zai yi kuka. Moussa, gobe bayan la'asar kana shago?

Moussa: Ina nan Hajiya. Ki taho da samfuri, mai zane ba ya zana abin da bai ɗanɗana ba.

Elhadji Sani: A biyo da shi ta Dole, ni ma in duba murɗin.