Musayar Waƙa a Kan Jawabin Masu Mulki

Malamin makaranta, Garwa:

Assalamu alaikum, dattawa da matasan Arewa,
Ga baitocina a kan jawabin masu mulki, ina jiran amsawa.
A 1966 Ahidjo, shugaban Kamaru na farko, ɗan garinmu na Garwa,
Ya narkar da jam'iyyu cikin jam'iyya ɗaya mai suna UNC, da sunan ƙasa ake haɗawa.
Da aka kira jam'iyya ɗaya haɗin kai, aka yi ta nanatawa
A rediyo da makaranta har yara suna haddacewa,
Sai duk mai wani ra'ayi ya zama wanda ƙasa yake rabawa,
Ba a ma neman hujja a kansa, don kunne ya riga ya gama sabawa.

Dattijo, Marwa:

Malam, na ji baitocinka, amma ban karɓe su duka ba.
Wanda ya ga 'yan gudun hijirar Kolofata bai ɗauki zaman lafiya da wasa ba,
Wanda ya kwana a Mora yana jin harbin Boko Haram ba zai raina haɗin kai ba.
In shugaba ya ce mu riƙe zaman lafiya, ai bai faɗi ƙarya ba.

Ɗaliba, Gaundare:

Baba, Allah ya ƙara girma, abin da kuka faɗa gaskiya ne,
Sai dai lokacin da ake ɗauko kalmar, da wanda ake jifa da ita, abin dubawa ne.
A Fabrairun 2008 matasa sun fito, tsadar mai da abinci babban dalilinsu ne,
Jawabin Shugaba Biya ya ɗora laifin a kan masu zuga su a ɓoye, wai aikin 'yan koyon tsafi ne.
A Afrilu majalisa ta cire iyakar wa'adin mulki, magoya baya suka ce kiran jama'a ne,
Ta haka mai kukan yunwa ya koma mai tada zaune tsaye, alhali shi mai neman haƙƙi ne.

Ɗan kasuwa, Kusiri:

'Yar'uwa, mu da ke bakin Logon muna jin jawabin ƙasashe biyu a rana.
A 1990 Deby na Chadi ya ce bai kawo zinariya ko azurfa ba sai 'yanci, ya shiga Injamena,
Ya riƙe mulki har 2021, ɗansa ya gaje shi a idon kowa da rana.
A nan Kamaru kuwa taken Biya manyan buri ne a 2004, manyan ayyuka a 2011, kowane zaɓe da sabon suna,
Manyan damammaki a 2018, ci gaba kuma sai 2035, ana ta ɗaga mana rana,
Mu da ke jigilar kaya ta Waza mun san halin hanyar, ba sai an gaya mana.

Dattijo, Marwa:

'Yata, na karɓi zancen 2008, ba zan yi miki gardama ba,
Amma don an yi kasuwanci da zaman lafiya, ba zan daina roƙonsa ba.
A daren 31 ga Disamba zan saurari jawabin shugaban ƙasa, ba zan kashe rediyo ba,
Zan kuma tambayi ɗan majalisarmu hanyar Kusiri, da dalilin da ba a gama ta ba.