Mama ta ce ba za a taɓa ta da wuƙa ba sai ta gama addu'ar kwana 54

Mai neman shawara:

Salama a gare ku 'yan'uwa. Don Allah ku taimake ni, kwana uku ke nan ban yi barcin kirki ba.

Mahaifiyarmu tana da shekara 63. Tun wajen Ista ta ji wani ƙullutu a nononta na hagu, ta ɓoye mana, sai da ƙanwata ta lura tana dafe wurin in za ta ɗaura zane. Muka kai ta asibiti, aka ɗebi ɗan nama aka auna. Likita ya ce ciwon daji ne amma bai yi nisa ba, ya sa mana ranar aiki nan da mako uku.

Ana cikin haka sai gwaggonmu ta dawo daga ziyarar ibada a Lourdes ta ƙasar Faransa, ta kawo mata ruwan can a 'yar kwalbar roba mai siffar Uwarmu Maryamu, murfinta shuɗi kamar rawani. Mama ta ajiye ta a kan teburin addu'arta, tsakanin gicciye da kyandir. Safe da dare tana ɗiga ruwan a yatsa ta yi alamar gicciye a wurin. Ran Lahadi kuma ta soma addu'ar carbi ta kwana 54, kwana 27 na roƙo, 27 na godiya, ta ce ba inda za ta sai ta gama. Wai yaya za ta roƙi Uwarmu abu, tun ba a amsa mata ba ta ruga wurin mai wuƙa?

Ni ba mai shakka ba ce. Ita ta koya mini "A gaishe ki Maryamu" tun ban iya karatu ba, kuma na gaskata Allah yana yin al'ajibi har gobe. Amma da na ce mata kwana 54 ya yi yawa, sai ta dube ni ta ce, "Ke ma bangaskiyarki ta yi sanyi." Maganar nan ta tsaya mini a rai. In na matsa mata, na yi zunubin rashin bangaskiya ne? In na ƙyale ta kuma abin ya yaɗu fa?

Wata uwa daga Kafanchan:

Sannu 'yata, Allah ya ba Mama lafiya. Ni dai zan ce ki bi ta a hankali. Shekara goma sha ɗaya na yi ba haihuwa, ba asibitin da ban shiga ba. Addu'ar carbin nan ta kwana 54 na yi, a shekarar na samu ciki. Kada ki rage mata ƙarfin zuciya, babu abin da ya gagari Allah.

Ma'aikaciyar jinya, 'yar Zumuntar Mata:

Mama ta Kafanchan, mun gode wa Allah da abin da ya yi miki, kuma ban musa ko kalma ɗaya ba. Sai dai jiran haihuwa daban, wannan daban. Ke da kike jira, ba abin da yake girma a jikinki yana cin ki. Ciwon dajin nono kuwa ba ya tsayawa jiran kowa, yakan bi ta ƙwayoyin hammata ya wuce wasu sassan jiki, kuma duk wanda ya yi aiki a ɗakin mata ya san bambancin wadda ta zo da wuri da wadda ta zo bayan wurin ya fashe. Tun Ista ake ɓoyo, an riga an ci lokaci. Likita ya ce bai yi nisa ba, to wannan ma ai alheri ne da ya kamata a durƙusa a gode.

'Yar'uwa, kada ki bari ranar nan ta kuɓuce. In aka ɗaga, samun wata ranar ba nan kusa ba ne.

Katikis (mai koyar da addini a coci) mai ritaya:

'Yata, ba ki yi zunubi ba, kuma bangaskiyarki ba ta yi sanyi ba. Ki kwantar da hankalinki a kan wannan tukuna.

Bari in ba ki labarin da sa'o'in mahaifiyarki duk sun sani. Ran 13 ga Mayu 1981 aka harbi Fafaroma John Paul na biyu a dandalin Waliyyi Bitrus. Ranar kuwa ranar Uwarmu ta Fatima ce, ranar da ta fara bayyana ga wasu yara uku a garin Fatima na ƙasar Fotugal a 1917. Ba na jin a zamaninmu an yi mai son Maryamu kamarsa. To ina aka kai shi? Asibitin Gemelli da ke Rum, likitoci suka yi fiye da awa biyar suna aiki a cikinsa. Da ya warke ya ce Uwarmu ce ta kare shi, har ya ba da harsashin aka sa a rawanin mutum-mutuminta da ke Fatima. Bai taɓa ganin wuƙar likita ta rage wa Maryamu komai ba. Wata tara bayan harbin, a Fabrairun 1982, ya zo Kaduna ya naɗa sababbin firistoci. Ina cikin taron, da idona na gan shi tsaye da ƙafafunsa.

Sannan ki buɗe mata Littafin Sirak sura 38, yana cikin Littafi Mai Tsarki namu na Katolika. Ya ce a girmama likita domin Ubangiji ne ya yi shi, Ubangiji ne ya fitar da magunguna daga ƙasa kuma mai hankali ba ya raina su. Ya ce in ka kwanta ciwo ka yi addu'a, ka tsarkake zuciyarka, sannan ka ba likita wurinsa. Duka a sura ɗaya, ba a raba su ba.

Abin da nake jin tsoro shi ne sharaɗin da ta sa. Addu'ar kwana tara ko ta kwana 54 roƙo ce, ba ciniki ba ne. Ikilisiya ta yi gargaɗi a Katikisim, littafin koyarwarta, sakin layi na 2111, cewa in mutum ya ɗauka ƙarfin addu'a yana cikin cika adadi ko yin abin a zahiri kawai, ya fara shiga camfi. Ban ce mahaifiyarki mai camfi ce ba, Allah ya kiyaye, na san irin matan nan, su suka riƙe mana coci. Amma ba inda aka ce carbin da aka ja a gadon asibiti bai kai na gida ba. Ta ci gaba da ƙirgen kwanakinta, in kwana na ashirin da 'yan kai ya same ta a asibiti, ta ja shi a can.

Ɗan'uwa daga Maraɗi:

Ina so in ƙara a kan na Baba Katikis game da ruwan kansa, domin na taɓa zuwa Lourdes ɗin.

A 1858 ne Uwarmu ta bayyana sau 18 ga Bernadette, yarinya 'yar shekara 14, a bakin wani kogon dutse, kuma yarinyar ce ta tona ƙasa da hannunta ruwan ya ɓuɓɓugo. An auna ruwan tun a lokacin, aka ga ruwan sha ne kamar kowane. Abin da ya fi ba ni mamaki da na je shi ne ofishin likitoci da ke cikin harabar, tun 1883 yake. Duk wanda ya ce ya warke, can ake kai shi. Za su tambayi takardun asibiti da sakamakon gwaje-gwaje, su tabbatar ciwon na gaske ne mai tsanani, warkewar ta zo farat ɗaya, ta cika, kuma ta daɗe ciwon bai dawo ba. Sai a yi shekaru ana bin mutum kafin bishop na yankinsa ya ce komai. Mutum sama da 7,000 suka kai labarin warkewa, waɗanda Ikilisiya ta amince al'ajibi ne saba'in ne da 'yan kai. Ka ga marasa lafiya a kan kekuna, ma'aikatan jinya na tura su, kowa da jakar maganinsa, ba wanda ya ce musu su jefar.

Ita Bernadette ɗin ma da ciwon asma ta rayu, tarin fuka ya shiga mata ƙashi, ta rasu a 1879 tana da shekara 35. Wa zai ce bangaskiyarta ce ta gaza?

Wata 'yar'uwa daga Zariya:

Duk abin da aka faɗa gaskiya ne, amma ni na bi ta hanyar nan da surukata, kuma ina ganin tsoro ne a ƙasan maganar. Macen da aka ce za a taɓa mata nono, wataƙila ma a cire, ba ƙaramin abu take ɗauke da shi ba, kuma ba za ta iya ce wa 'yar cikinta "ina tsoro" ba. Sai ta fake da abin da ba za ki iya ja da shi ba.

Saboda haka ki daina gardama da ita. Babba ba ya son yaro ya karanta masa aya. Ki je wurin Fada, firist ɗinku, bayan sujadar Mas ta safe ki gaya masa komai, ki roƙe shi ya zo gida ya yi mata shafewar marasa lafiya. Ki fara shirya ta, domin tsofaffinmu da yawa in sun ga Fada da mai sai su ɗauka an yanke ƙauna. Ba haka ba ne, ana yi wa wanda zai shiga babban aiki, kuma Yakubu 5:14 cewa ya yi a kira dattawan ikilisiya su yi addu'a su shafa mai. Ki kuma nemo gwaggon da ta kawo ruwan, ita ta ga kekunan nan da idonta. In akwai wadda aka yi wa irin wannan aiki a Zumuntarsu, to ita ce za ta fi kowa.

Ke kuma ki zauna ki ja carbin tare da ita kullum. Ta ga ba raba ta da Uwarmu kike son yi ba.

Mai neman shawara:

Na gode ƙwarai, Allah ya saka muku. Baba Katikis, jiya da dare bayan mun gama carbi na ba ta labarin Fafaroma. Ashe ita ma tana Kaduna ranar, da yayanmu a goye. Ta yi shiru ta daɗe, sannan ta ce ba ta taɓa sanin an yi masa aiki ba, ita dai ta san Uwarmu ta cece shi. Daga nan ta fashe da kuka, ta ce da aka shiga da mahaifiyarta ɗakin aiki ba ta fito da rai ba. Ban taɓa jin wannan daga bakinta ba.

Ba ta ce ta yarda ba tukuna, amma ta ce Fada ya zo. Zai zo ran Alhamis da yamma, gwaggo ma za ta zo. Tambaya ɗaya ta ba ni in yi: za a bar ta ta shiga da carbinta da lambar Maryamu da ke wuyanta?

Ma'aikaciyar jinya:

Lambar da duk wani ƙarfe za a cire kafin a shiga, ki karɓa ki riƙe mata. Carbin ta riƙe har bakin ƙofa, ki yi wa nas ɗin da ke aiki magana, da ta farfaɗo a sa mata a hannu. Ruwan kuma ta shafa a goshi, kada a ɗiga a kan ɗinkin, kada ta sha ko kurɓi ɗaya daga lokacin da aka ce ta daina ci da sha. Ki faɗa mana ranar da ƙarfe nawa ne, mu a Zumuntarmu za mu ja carbi a daidai lokacin.