Shin maganin da ake dasawa cikin ƙashi ya wadatar ba tare da allura ba?

Malam Bashir: Jama'a, ra'ayina shi ne tunda likitocin ƙashi suna iya kwaɓa maganin kashe ƙwayoyin cuta da simintin tiyata su dasa shi daidai inda ƙashi ya ruɓe, babu dalilin ci gaba da wahalar da majinyaci da allurai na makonni. Dabarar ba sabuwa ba ce. Tun 1970 wani likita mai suna Buchholz ya fara zuba magani cikin simintin a birnin Hambug na Jamus, daga baya wani likitan mai suna Klemm ya mulmula shi ƙanana ya jera a siririyar waya kamar carbi, ana cusa shi a kogon ciwon a ɗinke.

Dokta Hauwa: Malam, tarihin da ka kawo daidai ne, amma ka kai hukuncin inda bai kai ba. Mafi yawan maganin yana fita ne a kwanakin farko, sannan ya ragu sosai, kuma idan simintin ya daɗe a jiki bayan ƙarfinsa ya ƙare, ƙwayoyin cutar kan manne masa su yi masa yauƙi. Shi ya sa galibi sai an sake tiyata an cire shi. Kafin duk wannan ma, wajibi ne a kankare mataccen ƙashin har sai wanda ya rage ya fara tsattsafo da jini, domin babu maganin da ke raya ƙashin da ya mutu.

Alhaji Kabiru: Dokta, batun tiyata ta biyu shi ya fi damuna. Duk wanda ya taɓa zaman jinya a Asibitin Ƙashi na Dala ya ga iyalan da sai sun yi karo-karo kafin su biya tiyata ɗaya, balle a ce musu a dawo.

Malam Bashir: Alhaji, ai akwai wanda ake yi da sinadarin kalshiyam salfet, yana narkewa da kansa cikin makonni. Sannan kada mu manta allurar jentamaisin, ɗaya daga cikin magungunan kashe ƙwayoyin cuta, tana iya taɓa ƙoda da jin kunne, alhali idan an dasa ta a wurin ciwon, kaɗan ne ke shiga jini.

Malama Zainab: Ni a matsayina na mai harhaɗa magunguna, abin da nake so a lura da shi shi ne simintin yana ɗaukar zafi lokacin da yake daskarewa, don haka sai magungunan da ke jure zafi, irin su jentamaisin da bankomaisin, ake sawa a ciki. To yaran nan masu sikila da suke da yawa a Kano, sau da yawa ƙwayar Salmonela ce ke kama musu ƙashi, kuma jentamaisin ba ta yi mata aiki yadda ya kamata a jikin mutum. Sai an ɗebi nama daga cikin ciwon an kai ɗakin gwaji kafin a san maganin da ya dace.

Dokta Hauwa: Na yarda da Malam kan ƙoda, kuma wannan ce babbar fa'idar dashen. Sai dai mai narkewar ma yakan sa bakin rauni ya yi ta zubar da ruwa. Wanda ya yi haɗarin babur, ƙashi ya ɓullo fata, ya shafe watanni wajen mai ɗori har mugunya ta huda hanya, sau da yawa cutar ta riga ta bi naman da ke kewaye, inda dashen ba ya isa, don haka a tare ake ba shi magani ta jijiya ko ta baki.