Baba bai rasa ci da sha ba, me ya sa yake ramewa?

Uwar Biyu: Assalamu alaikum. Tun da Mama ta rasu, ga shi Baba ya yi ritaya, muka ɗauke masa komai. Abinci a kan lokaci, maganin hawan jininsa ba ya yankewa. Amma kullum sai ramewa yake, barci ya ƙaurace masa, a kai masa kwano a ɗauko shi kusan yadda aka kai. Likita ya duba shi, bai ga sabon ciwo ba. A makaranta an koya mana tsanin buƙatun ɗan Adam na masanin halayyar ɗan Adam Abraham Maslow na 1943, wai sai ciki ya cika, an samu tsaro, sannan mutum yake neman ƙauna da jama'a. To Baba ya samu matakin farko, me ya sa jikin ne yake lalacewa?

Malamin Aji: Wa alaikumus salam. Allah ya jiƙan Mama. 'Yar'uwa, tsanin nan hawa da sauka ake yi a kansa. A shekarun 1950 wani masani mai suna Harry Harlow ya gwada jariran birai a jami'ar Wisconsin ta Amurka. Ya ƙera musu uwa biyu na wucin gadi, ɗaya ta wayar ƙarfe mai ba da madara, ɗaya mai laushi da aka naɗe da ƙyalle. Sai su je su sha madarar, su dawo su maƙale wa ta ƙyallen. Haka aka gani a gidajen marayun Romaniya bayan 1989, yaran da ba a ɗauka, ba a yi musu wasa, girmansu ya tsumbure. Tambayata ɗaya: wa yake zama ya ci tare da Baba?

Nas Mai Dare: Ni ma'aikaciyar jinya ce. Damuwa idan ta daɗe tana dagula sinadarin kotisol da jiki yake fitarwa lokacin damuwa, ta hana barci, rashin barcin ya ƙara baƙin rai, baƙin ran ya kashe sha'awar abinci. Tsofaffi kuma da wuya su ce "ina cikin damuwa", sai dai su ce jiki ba daɗi. A 2023 babban likitan gwamnatin Amurka, Vivek Murthy, ya kwatanta illar kaɗaici da shan sigari har kara 15 a rana. Ku koma wurin likita, ku faɗa masa batun rasuwar da rashin barcin.

Dattijon Zaure: Ku dai kada ku jefar da Maslow gaba ɗaya, 'ya'yana. Mai ciwon haƙori ba ya hira. A duba masa baki da kunne, domin tsoho idan jinsa ya ragu, janyewa yake daga mutane don kada ya yi ta cewa "na'am?" Sannan kun ce kun ɗauke masa komai. Mutumin da ya saba a dogara da shi, me kuka bar masa ya yi?

Uwar Biyu: Na gode ƙwarai. Baba Dattijo, maganar kunne ta tsaya min a rai, don kwanan nan ƙure rediyo yake yi. Za mu kai shi a auna. Daga gobe kuma yara a ɗakinsa za su riƙa cin abinci, shi zai duba musu aikin gida.